Riga a Tsaskiya, Malfa a Ruma

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da muka tsaya a bakin wani garke a Tsaskiya muna ƙoƙarin haɗa mutum ɗaya da jikin mutum biyu. Na sha ba da labarin a gutsure idan an zauna cin abinci a wurin aiki. Yau zan ba da shi a jere, saboda ku da kuka shigo sana'ar fim bayanmu.

A lokacin ni ne mai kwantiniti a wani ƙaramin kamfanin shirya fim a Katsina. Ga wanda bai sani ba, ba a ɗaukar fim a jere kamar yadda ake kallon sa. Ana iya ɗaukar fitar mutum daga ɗaki yau, sai bayan mako biyu a ɗauki isowarsa ƙofar gida. Aikin mai kwantiniti shi ne ya tabbatar hular da mutumin ya fita da ita ita ce a kansa da ya iso, kuma idan da hannun dama ya riƙe buta kada ta koma hagu. A jerin manya, darakta ne a sama, sai mai kyamara, sai mai sauti, sannan ni. Amma a wannan fim ina da matsayi na biyu da nake taƙama da shi a cikin raina, domin ni na rubuta labarin.

Na taso da littattafan soyayya na bakin kasuwa, irin waɗanda ake haya a karanta a mayar, bangonsu duk ya yi laushi saboda hannaye. A cikinsu na koyi cewa duk wani abu mai taɓa zuciya da yamma yake faruwa, rana ta yi ja, iska na kaɗa gefen mayafi. Haka na tsara labarina. Wani malamin dabbobi ne aka turo ƙauye, ya kamu da son Ramatu, 'yar wani makiyayi. A fitowa ta ƙarshe, ranar da za a kai amarya, uban zai jawo saniyar da ya fi so, ya miƙa wa 'yarsa igiya, ya yi jawabi. Jawabin nan kuwa na zuba masa duk wata kalma mai daɗi da na taɓa karantawa.

Da farko daga birni muka zo da ɗan wasan da zai fito a uban. Mun je Tsaskiya ne don mu ari garken wani dattijo, Baffa Sambo, dogo siriri kamar karan dawa. Ranar farko wata saniya ja mai farin goshi, wadda ake kira Wule, ta matso ta shinshina ɗan wasan namu. Kafin mu ankara ya haye turmi yana kiran sunan mahaifiyarsa. Baffa ya zo ya dafa wuyan saniyar, ya faɗa mata wata magana da Fulatanci, ta juya ta bi shi kamar 'yar da aka kira cin tuwo. Daraktanmu, Oga Lawwali, ya dubi wanda ke kan turmi, ya dubi Baffa, ya ce, "Baffa, ko za ka zama uban da kanka?"

Baffa ya ce, "Ai dama ni uba ne. Mi za a ƙara mani?"

Haka Baffa Sambo ya shiga fim. Kuma bisa yadda muke aiki a lokacin, ba mu da ɗakin ajiye kayan wasa. Kowa da tufafinsa yake fitowa, in an tashi ya tafi da abinsa gida, gobe ya dawo da su. Baffa ya fito da abin da yake sawa kullum, wata tsohuwar shuɗiyar riga da rana ta cinye kafaɗunta, da malfa mai jar fata a ƙoƙonta. Da su muka ɗauki duk fitowarsa, kuma ya yi kyau ƙwarai, don bai san yana wasa ba. Saura fitowa ɗaya ta rage masa, ta ƙarshen nan, sai ruwan ƙarshen damina ya ɓata hanya, muka koma Katsina jiran ƙasa ta sha iska.

Muna can aka bugo waya. Baffa ya je kasuwar Batsari ya sayo kanwar shanu, ya dawo ya yi sallar la'asar, ya jingina da gindin marke ya ce bari ya ɗan huta. Ba ciwo ba komai. Da aka zo tashin sa sai aka tarar rai ya yi halinsa.

Muka je ta'aziyya. Bayan mun gaisa da maza, aka ce matarsa, Inna Dije, tana son magana da mai rubutu. Ta shiga takaba, don haka a bayan asabari take, ni kuma na durƙusa a waje. Muka gaisa, na yi mata ya haƙuri, ta amsa. Sai ta ce, "Sabitu, ya hwaɗa ma kowa a kasuwa za a gan shi cikin waya. Suna ta mashi dariya, wai shanunshi kawai 'yan birni ke so, shi za ku yanke shi ku yar. Har ranar da ya rasu sai da wani ya tsokane shi. Kada ku bari maganarsu ta tabbata a kanshi."

Na ce, "Inna, in Allah ya yarda ba za a yanke shi ba." Na faɗa da irin muryar da jarumai ke alkawari a littafi, ba tare da na tambayi kowa ba.

A mota Oga Lawwali ya dawo da ni cikin hayyacina. Ya ce, "Fim ba zai ƙare babu uba ba. Ko dai a samu wanda zai tsaya a gurbinsa a fitowar nan, mai kallo bai gane ba, ko kuma a zubar da duk abin da muka ɗauka da shi, a sake da na kan turmi a wata gona a Katsina inda shanu ke da ladabi. Kafin a gama girbi garken zai tashi. Ka san abin yi kafin nan."

Akwai dabarar da ake yi a sana'armu idan haka ta faru. A sa wa wani kayan ɗan wasan, a ɗauke shi ta baya, a ɗora murya. Abin da nake buƙata ke nan, riga da malfa da ƙeyar dogon mutum. Na koma Tsaskiya a kan babur ina ganin aikin wuni ɗaya ne. Sai na tarar an riga an raba kayan mamaci. Bisa al'adarsu a can, an ba wanda ya yi masa wanka rigar. Malfa kuwa ƙaninsa ya tafi da ita Ruma.

Wanda ya yi wankan shi ne Malam Isiya, na'ibin liman, gajere mai tumbi, wanda kuma shi ke yanka a duk wani suna da sadaka a garin. Na same shi a ƙofar gida sanye da rigar. Ashe har ya kai ta wurin tela an rage mata tsawo.

Bayan doguwar gaisuwa na ce, "Malam, aro muke so, na wuni ɗaya tak."

Ya ce, "Aro? Ɗan nan, rigar sadaka ce. Muddin tana jikina lada na tahiya ga mamaci. In na tuɓe na ba wani, ladan ranar nan wa zai biya shi? Kai?"

"To Malam, yaya za a yi ke nan?"

"Inda rigar ta je nan zan je. Ba uban yarinya kuke nema ba? Ni 'ya'ya mata gare ni har na rasa inda zan zuba su."

Na ce bari in gwada wata hanya. Na sa wani tela a Batsari ya ɗinka irinta. Da muka duba ta a kyamara sai ƙyalli take kamar ta ango. Muka jiƙa ta a ruwan toka, muka shanya, ba ta tsufa ba. Wani ɗan acaɓa ya ba da shawara a ɗaura ta a bayan babur a ja ta a kan hanya. Aka ja ta daga Batsari har mararraba. Abin da ya iso ko tsumman goge mota bai kai ba.

Na nufi Ruma wurin ƙanin, Kawu Buba. Ina hango shi daga nesa na yi hamdala. Tsawon Baffa ne sak, har ƙeyar. Na yi masa bayani, nan take ya yarda, ya ce dama tun yana yaro ake ce masa ya yi kama da mutanen cikin talabijin. Sai na ce saura a roƙi Malam Isiya ya ara masa rigar, ko shi ya ara wa Malam malfar. Ashe taubasai ne, tun suna yara ba su taɓa haɗuwa an rabu ba a tsokani juna ba.

Kawu Buba ya ce, "Isiya? Wannan tulun? Malfar yayana ba ta hawa kan da ya yi kama da ƙwaryar da aka kihe. Je ka ce mashi ya ba ni rigar."

Na koma Tsaskiya na faɗa wa Malam. Ya ce, "Ka ce ma wannan gwangwalar, in yana son rigar ya bari ya mutu in yi mashi wanka, sai in amshi tashi in haɗa biyu."

Na yi ta zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu har 'yan acaɓa suka fara gaishe ni da "ya aikin sulhu". Da na gaji na kai wa Oga Lawwali rahoto. Ya murza gemu, sannan idanunsa suka yi haske, irin hasken da duk ma'aikatansa ke tsoro.

Ya ce, "Kashi-kashi za mu ɗauke shi. Daga wuya zuwa sama, Kawu Buba da malfa. Daga wuya zuwa gwiwa, Malam da riga. Murya kuma kai, Sabitu, tunda kai ka rubuta. In an haɗa a kwamfuta uba guda ne."

Mai kyamara ya ce, "Oga, wato uban nan kansa na Ruma, cikinsa na Tsaskiya, muryarsa ta Katsina?"

Oga ya ce, "Shi ya sa ni ne darakta."

Ranar ɗauka muka iso da hantsi, bayan mun sanar da mai unguwa kamar yadda aka saba. Sharaɗin da aka gindaya mana shi ne mu bar garin da sauran rana, saboda halin da hanya take ciki. Ni kuwa fitowar tawa hasken yamma take so, don haka lokacin da muke da shi ɗan kaɗan ne. Garin duk ya fito kallo. Yarinyar da ke fitowa a Ramatu, 'yar Safana ce, ta sha kwalliyar amare ta tsaya a bakin garke da ƙwarya a hannu.

Aka fara da gangar jiki. Malam Isiya ya tsaya, aka saita kyamara daga wuyansa zuwa ƙasa. Mai kyamara ya leƙa ya ce, "Malam, don Allah a ɗan shanye cikin."

Malam ya ce, "In kai shi ina?"

Aka miƙa masa igiyar Wule. Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu shi ne, Malam ne ya yanka bijimin garken nan ranar sadakar Baffa, a kan idon Wule. Ta dube shi, ta shinshina rigar, ta sake duban sa, kamar tana son ta gane yadda aka yi warin mai gidanta ya koma jikin wannan mutumin. Sai ta sunkuyar da ƙaho. Ban taɓa sanin mai tumbi na iya gudu haka ba. Kafin Oga ya ce "kat", wato a tsayar da ɗauka, Malam yana kan rumbu ya tattare rigar a hammata, yana karanto duk abin da ya zo bakinsa. Kawu Buba ya faɗi ƙasa don dariya, yana cewa, "Ku ɗauka! Wannan shi ne him ɗin!"

Aka sauko da Malam, aka ba shi ruwa, aka koma kan kai. Aka tsayar da Kawu Buba ya ba kyamara baya. Wallahi ta bayan nan Baffa ne sak. Oga ya ce, "Akshin!" Sai Kawu ya juyo, ya washe baki, ya ɗaga hannu ya ce, "Salamu alaikum jama'ar Ruma da kewaye."

Oga ya ce, "Kawu, ba a juyowa. Ƙeya kawai muke so."

Kawu ya ce, "In ba mutane ƙeya? Mi suka yi mani?"

Aka lallashe shi, aka sake. Ya daure na ɗan lokaci, sannan ya leƙo ta kan kafaɗa ya tambaya ko an gama. Aka sake. Wannan karon bai juyo ba, amma ya yi gaisuwar yana kallon daji. Ita kuwa Wule ko ɗaga kai ba ta yi ba. Kawu ya ja igiyarta, ya yi mata Fulatanci, ya yi mata Hausa, ta ci gaba da tuƙa kamar babu kowa a wurin.

Oga ya ce a gwada muryar, ko za ta motsa ta. Na laɓe a bayan zana, na shaƙe maƙogwarona yadda nake jin ya yi kama da na Baffa, na fara: "Ya ke 'yata, sanyin idona, tauraruwar da ta haska duhun garkena, yau ga shi zuciyata ta rabu gida biyu kamar..." Ban kai ƙarshen layin ba matan da ke kallo suka fashe da dariya. Na ji wata tana cewa, "Sambo ne zai ce tauraruwa? Mutumin da ko sunan matarshi bai taɓa kamawa ba?" Wule kuma ta buɗe ƙafa ta saki fitsari mai tsawo, sai da kowa ya jira ta gama.

Rana ta fara yin ja, daidai irin jan da na rubuta. 'Yan acaɓan da za su mayar da mu suka fara tayar da babura suna kallon sama. Oga Lawwali ya zauna a kan akwatin kyamara ya ce, "A naɗe kaya. Sabitu, ka yi iya yinka. Gobe a kira na kan turmi." Na dubi asabarin ɗakin Inna Dije, na rasa da wane baki zan je in yi mata sallama.

Sai mai sautinmu, Ɗanjuma, ya ce yana da wani abu. Wata safiya da yake gwada makirufo ya naɗi muryar Baffa yana kiran Wule, bai goge ba. Ya ce a sa 'yar ƙaramar sifika a cikin ƙwaryar Ramatu a rufe da faifai. Ba sai an ga uban ba, a ji kiransa kawai, saniya ta tako da kanta ta je wurin amarya. Oga ya ce a gwada a ji. Ɗanjuma ya danna.

"Hooi, Wule! War, war!" Sai ɗan tsakin nan da Baffa ke yi da harshe, sai gajeren tarinsa.

Wule ta ɗaga kai, ta miƙe kunnuwa, ta yi wani kuka mai tsawo, ta fizge igiyar daga hannun Kawu. Ta je gindin marke ta duba, ta zagaya bayan rumbu, ta dawo ta tsaya tana kallon hanyar kasuwa. Babu wanda ya yi dariya.

Asabari ya motsa. Inna Dije ta fito lulluɓe, ta tsaya daidai bakin zana, ba ta ƙetare ba. Ta ce, "Sabitu."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Wa ya kira ta?"

Na durƙusa na yi mata bayanin na'urar. Ta ce, "Ni na ga an ɗauke shi, na sani. Ita ba wanda ya hwaɗa mata. Tun ranar ba ta cin kirki. Ku kira ta sau ɗaya ku ɗauki abinku. In kuka sake na biyu ban yahe ba." Ta juya ta koma ɗaki.

Ku da kuka yi aiki da Oga Lawwali kun san kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce "a sake". Ya taɓa sa mutum ya yi ta shan ruwa a gaban kyamara har ya nemi bayi. Ranar nan kuwa ba shi da damar faɗinta. Ya kai Malam Isiya da Kawu Buba gindin marke, ya zaunar da su, ya ce, "Don girman Allah kada wanda ya motsa." Aka mayar da Wule can nesa. Ramatu ta riƙe ƙwarya. Oga ya yi bisimilla, abin da ban taɓa jin ya yi kafin "akshin" ba.

Kiran ya sake fita. Wule ta tako a hankali, ba ta kauce ko'ina ba, rana na bayanta ta zana mata ƙaho da jan haske. Ta iso wurin Ramatu, ta shinshina ƙwaryar, ta leƙa bayanta, sannan ta jingina goshi a kafaɗarta ta tsaya. Yarinyar nan ta fashe da kuka, ba na wasa ba, don ita ma ta saba da Baffa, shi ke ajiye mata nono kullum. Duk littattafan da na karanta ban taɓa cin karo da shafi irin wannan ba.

Sai ga malfa ta shigo ta gefen hagu. Kawu Buba ne. Jin muryar yayansa ya sa ya miƙe bai sani ba, ya biyo saniyar. Bayansa kuma ga shuɗiyar riga. Malam Isiya ya taso ne don ya riƙe shi, amma da ya kama hannunsa sai ya kasa jan sa baya, suka taho tare. Suka tsaya a bayan Ramatu, dogo da gajere. Malam ya ɗaga hannu yana addu'a. Kawu ya rufe fuska da hannun rigarsa, ga kyamara a gabansa amma ko gaisuwa bai yi ba.

Oga ya ce "kat" da wata 'yar murya. Ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan, sun kashe ni. Rigar uba a jikin wani, malfarsa a kan wani, uban ba ya nan. Kuma ba damar sakewa." Ni ma na san haka ne. A aikin kwantiniti babu kuskuren da ya kai wannan girma. Ya ce mai kyamara ya mayar a gani, ko akwai inda za a iya yankewa. Mutane suka yi caa a kan ɗan allon kyamarar, manya a gaba, mata na leƙe ta baya. Aka duba, babu inda za a yanke, domin suna shigowa ne daidai lokacin da saniyar ta jingina kai.

Sai wata dattijuwa mai sayar da fura ta ce, "Inna lillahi. Ashe a cikin him ɗin ma Sambo bai ga auren ba."

Ta kusa da ita ta ce, "Ba ki gani ba? Har an raba kaya. Ga mai wanka, ga ƙani, su suka rako saniyar a madadinshi."

"To muryar hwa?"

"Yarinyar ce ke jin ta a ranta mana. Allah sarki marainiya."

Nan wurin ya ɗauki salati, wasu na share hawaye, wani tsoho na cewa kai, 'yan birnin nan sun san kan duniya. Oga Lawwali ya sa aka sake mayarwa. Ya kalla har ƙarshe. Sannan ya miƙe, ya gyara hula, ya yi gyaran murya ya ce, "Dama abin da nake son nunawa ke nan. Sabitu, ban faɗa maka tun a mota ba?"

Na ce, "Ka faɗa, Oga."

Muka bar garin da sauran rana. Fim ya fita yadda yake, ba a taɓa ko fitowa ɗaya ta Baffa Sambo ba. A birni an zage ni sosai. Masu sharhi a waya suka ce a kori mai kwantinitin kamfanin, wai ko makaho ya ga an saka wa baƙi kayan uban yarinya. A Batsari da Safana kuwa sai tura shi ake daga waya zuwa waya, har waɗanda suka yi wa Baffa dariya suna cewa ai su tun farko sun san zai yi suna. Malam Isiya da Kawu Buba har yau suna gardamar wane ne jarumin fim ɗin a cikinsu.

Bayan Inna Dije ta fita takaba na kai mata fim ɗin a wayata. Ta kalla tun daga farko. Da aka gama na zaci za ta yi magana a kan ƙarshen. Sai ta ce in mayar mata can baya, wani wuri da ba a ma magana, inda Baffa ke tafe a bayan shanu kawai. Ta kalli wannan, ta ce in sake, na sake. Sannan ta miƙo mani wayar ta ce, "To. An gan shi."

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, mu a sana'ar nan mun saba ganin kowa yana da madadi, muddin an samu riga da hula da tsawo. Yawanci kuma haka ne, shi ya sa sana'ar ke tafiya. Amma kafin ku yanke hukuncin cewa abu ya lalace, ku nuna wa mutanen da aka ɗauka a ƙofar gidansu. Mai kallo ba idonsa kaɗai yake kawowa ba, yana zuwa da garinsu gaba ɗaya, da abin da suka sani game da wanda ke sa rigar wa da kuma dalili. Ni dai wannan ne kuskure mafi girma da aka taɓa yi a ƙarƙashin kulawata, kuma da za a ba ni damar gyara shi ba zan taɓa ko zare ɗaya ba.